Lambobin Kabarin Inna

Ilimin duniya kaf, daga na masu duban taurari har na masu zanen taswira, tambaya ɗaya yake fama da ita: ina na ajiye abin nan? Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gusau, har na ɗauka ni dai na gama da wannan tambaya.

Inna ta rasu da bazara, muka yi mata sutura a Rawayya. A can ba a rubuta suna a kan kabari. Tsohon da ke kula da maƙabarta yakan kife fasasshiyar tukunya wajen kai, sauran ya riƙe a ransa. Ni kuwa na yi karatun da ya fi ƙarfin tukunya. Wani abokina mai haƙa rijiyar burtsatse a Tsafe yana da na'ura kamar rediyon hannu, wadda ke sauraron tauraron ɗan Adam ta nuna maka da lambobi inda kake tsaye. Bayan sadakar uku na aro ta.

Ya ce mini lambobinta ba sa zama wuri ɗaya, sai an ɗauka sau da yawa a fitar da matsakaici. Na tsaya a gefen kabarin tun hantsi har azahar ina rubutawa. Tsohon ya iso da tukunya a hannu.

"Malam, mi kaka rubutawa?"

"Inda Inna take, Baba."

"Ai ga ta nan gabanka."

"Bar tukunyar nan, ruwa zai tafi da ita. Wannan daga sama ake aiko shi."

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji shi. Ya je ya kife ta a kan wani sabon kabari.

Damina biyu ta wuce. Tsohon ya rasu, ruwa ya baje tudun ƙasar. Sai ƙanena ya dawo daga Kamaru, inda labarin rasuwar ya same shi, ba ya son komai illa ya tsaya a kan Inna ya yi mata addu'a. Na sake aro na'urar. Ta kai mu gindin wata aduwa, alhali ba itace kusa da Inna. Muka sake, ta fitar da mu bayan shinge, cikin gonar geron wani. Daga baya na ji cewa a wancan zamanin masu taurarin da gangan suke karkatar da lambobin.

"Yaya, ina zan tsaya?"

Na duba takardata. Lissafin daidai yake, da ɗalibi ne da na ba shi cikakken maki. Ƙanena ya koma bakin ƙofar maƙabartar, ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan wurin addu'a gaba ɗaya.

Tukunyar nan tana nan inda tsohon ya kife ta.