Ƙwallon Askadinya

Ni na kawo askadinya, wani ɗan itacen ƙasar Larabawa, ɗakinmu da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, ko da yake na nema.

A lokacin ina aiki a wani gida a unguwar Abhur a Jidda, shara da guga da duk abin da ya samu. Masu gidan suna da gonar askadinya a Ɗa'ifa, in lokacinta ya yi sai a sauko musu da kwandunanta. 'Ya'yan ƙanana ne, ruwan ɗorawa, ga zaƙi ga ɗan tsami, kowanne da ƙwallaye biyu ko uku masu sheƙi a ciki. Tsohuwar gidan ganyen take so. Ni nake kankare gashin da ke bayansa in tafasa mata, ta ce yana kwantar mata da tari, yana kuma taimaka mata da ciwon sukari.

Sukari kuwa shi ne ciwon Innata. Ɗaki ɗaya muke zaune a unguwar Sa'alaba. Aikin umara ta zo yi, ta ƙi komawa, bizarta ta mutu a hannunta. Ni ina da iƙama, takardar izinin zama, ita ba ta da ko ƙyallen takarda, shi ya sa kantin bakin lungu ma sai ta leƙa hagu da dama kafin ta je. Asibiti kuwa ba ma zancensa. Da na ji batun ganyen, sai na roƙi kaɗan na haɗa da 'ya'yan na kai mata, ina ta murna.

Sai dai Inna ba irin wadda za a miƙa wa magani ta sha ta yi shiru ba ce. A garinmu ita ce mai dakan magani a unguwa, 'ya'yan zogale, ƙwallon dabino, hulba, babu wanda bai shiga turminta ba. A wurinta ƙarfin kowane itace yana cikin ƙwallonsa. Ta juya ganyen ta taɓe baki.

"Ganye ai riga ce," ta ce. "Abin da Allah ya ɓoye a ciki shi ne maganin."

Na ga ta shanya ƙwallayen a faranti a bakin taga. Har na tsokane ta, na ce, "Inna, gona za ki yi mana a Jidda?" Ta ce, "Ke dai je ki yi wa Larabawa guga." Na ji dakan da kunnena ranar Juma'a. 'Yar gidan da nake aiki karatun harhaɗa magunguna take yi, kullum muna haɗuwa a kicin, amma ko sau ɗaya bai zo mini in tambaye ta ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Wata safiya ina tsakiyar guga maƙwabciyarmu, wata 'yar Nijar, ta kira ni a waya.

"Ki taho yanzu. Inna na ta amai, ta ce ɗakin na juyawa da ita."

"Me ta ci?"

"Garin nan nata ta zuba a kunu. Ta ce na jiya bai ji ta ba, yau ta ƙara hannu."

Na bar dutsen guga na ruga wurin 'yar gidan da guntun Larabcina. Ina cewa ƙwallo, ina nuna daka da hannu, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce ganyen da naman 'ya'yan suna da sinadarai masu amfani, gaskiya ne, amma ƙwallon in aka farfasa shi guba yake saki, irin wadda take hana jiki amfana da iskar da ya shaƙa.

"Asibiti," ta ce. "Yanzu yanzu. Yalla!"

Ta sa direban gidan ya ɗauke ni. Daga Abhur zuwa Sa'alaba tafiya ce, ran nan kuwa kowace danja sai da ta tsayar da mu. Ina salati, ina lissafi a zuci. In na kai ta, za a tambayi takarda. In ban kai ta ba, ban san me zan tarar da la'asar ba.

Na same ta a kan tabarma, zufa ta jiƙa mata ɗankwali, numfashinta sama-sama kamar wadda ta yi gudu. Maƙwabciyarmu ta riga ta kawo madara da manja, wai a ɗura mata a gani tukuna. Ina cewa ga mota a waje, Inna ta damƙe mini wuyan hannu. Ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba.

"Kada ki kai ni," ta ce. "Suna ganin ba takarda, gida za su mayar da ni. Ki bar ni. In ajali ne, ga Makka nan kusa."

A nan na gane ba don ni kaɗai ta ƙi komawa ba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, na ɗaga mata murya irin yadda ban taɓa yi ba.

"Wallahi Inna ba za ki mutu mini a kan garin ƙwallo ba! Halas, magana ta ƙare!"

Na ce wa maƙwabciyarmu ta kama ƙafafu. Muka ciccibe ta tana ture mu, tana kiran sunana na yarinta, tana cewa in ji tsoron Allah. Na danna ragowar garin a jaka don likita ya gani.

A asibiti ba wanda ya tambayi komai da farko. Suka sa mata abin shaƙar iska, suka ɗaura ruwa, suka rufe ƙofa. Da likitan ya fito ya ce da mun tsaya gwada madara, da ba wannan maganar muke yi ba. Kwana biyu ta yi. A rana ta uku wata ma'aikaciya ta tambaye ni iƙamar Inna cikin ladabi, na ce mata babu.

Kafilina, wanda iƙamata take hannunsa, ya yi ƙoƙari, ba a tsare ta ba, aka ba ta 'yan makonni ta shirya ta bar ƙasar. Duk makonnin nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Tana cin abin da na dafa, tana shan ƙwayoyin da likita ya rubuta.

A filin jirgi ta tsaya ta gyara mini mayafi.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Kin zaɓa mini rai. Ni kuwa kabari na zo nema."

Ta shiga layi, ba ta waiwayo ba. Na tsaya a bayan gilashi ina jin haushinta, ina kuka, ina kallonta tana tafiya da ƙafafunta har ta shige.