Muryar da Na Ara a Kogon Kuka

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, don haka na bar shi. Ni ɗan manomi ne daga Unguwar Lalle, kuma kafin in lalace ba a san ni da komai ba sai ban dariya. Allah Ya ba ni kunne da maƙogwaro. In na saurari mutum yana magana, to muryarsa ta zama tawa. A dandali ina kwaikwayon liman da sarkin fawa, ana ba ni goro.

Goro bai ishe ni ba. Sai in tsaya bayan darni in yi muryar maigida, in ce a miƙo damin gero ta sama, matar gida ta miƙo ba ta ga kowa ba. A lokacin wasa nake ce wa wannan.

Zamanin Turawa ne, jam'iyyu sun fara shigowa, an kafa majalisa a Isa. Wakilin Kurawa shi ne Malam Ummaru, mutum mai sanyin hali. Da ɗaga hannu ake yanke magana a majalisar, kuma kowa ya san tarihin hannunsa. Aka zo ƙarin haraji ya ɗaga, aka zo tashin kasuwa ya ɗaga, duk inda manyan jam'iyyarsa suka karkata nan za ka same shi. Har aka kawo maganar toshe burtalin da shanu ke bi zuwa gulbi, don wani babba a jam'iyyar ya shuka gyaɗa. Malam Ummaru kuwa ɗan Bafillatana ne, dangin uwarsa duk makiyaya. Ya faɗa a tsakiyar kasuwa, "Wanga karo hannuna ba shi tashi." Majalisa ta rabu biyu, hannunsa ne zai raba gardama.

Babban nan ya sa aka kira ni. Ya ce, "An ce kana iya muryar Dije mai nono, uwar Malam Ummaru da ta rasu."

Na ce, "Ina iyawa, ranka shi daɗe."

A hanyar Kurawa zuwa Isa akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, wadda ba a wucewa da rana tsaka sai da bisimilla. Ranar zaman majalisa na shige ciki. Duhu, sanyi, warin jemage. Da na ji ƙarar keken Malam Ummaru sai na saki muryar tsohuwar a hankali: "Ummaru. Ummaru, ɗaga hannunka tare da manya, kak ka ja ma kanka bala'i."

Na manta da abu guda. Shi ɗan fari ne, kuma Dije saboda kunya ba ta taɓa ambaton sunansa ba har ta koma ga Allah. Na ce a raina shi ke nan, asirina ya tonu. Sai na ji keke ya faɗi, na leƙa ta tsaga na gan shi durƙushe cikin rairayi yana kuka. Yana cewa, "Inna, ke ce? Yau kinka kira sunana?"

Bayan ya wuce, ina shirin fita, na ji tari a bayana cikin kogon. Busasshen tari ne, irin wanda Dije take yi kafin ta yi tallan nono. Ban waiwaya ba.

A majalisa Malam Ummaru ya ɗaga hannu. Aka toshe burtali, makiyaya suka kora shanunsu zuwa ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, kawunnansa suka tafi ba su yi masa sallama ba. Daga ranar bai ƙara buɗe baki a majalisa ba. Kafin a gama karanta magana hannunsa na sama, idonsa na kallon ƙofa, har jam'iyyar da kanta ta gaji ta ajiye shi.

Ni kuwa na ci gaba da shiga kogon ina karɓar awakin mata da muryoyin matattunsu. Ƙanen Malam Ummaru ne ya yi zargi, ya zo da mutane suka tura hayaƙi, na fito ina rarrafe. Babban da ya sa ni ya rantse gaban alƙali bai taɓa ganina ba. Aka kai ni gidan yari a Sakkwato. A can, wani lokaci in na ta da salla, muryar Dije ce ke fitowa daga bakina, fursunoni su ja da baya. Na tuba, na yi wa Allah alkawari ba za ni ƙara aron muryar kowa ba.

Da aka sake ni na nufi Kurawa. Na sami Malam Ummaru a zaure, ya rame, na durƙusa na faɗa masa komai. Sannan ya ce, "Na sani tun ranar da anka kama ka. Na yahe maka. Amma don Allah, kira ni sau guda da muryatta."

Ban kira ba. Na fita ina kuka, yana bina da ido.

Samari, ku ji tsoron ƙaramar dabara da ake yi muku dariya a kanta, kuma duk wanda ya kira ku gefe don ku tanƙwara wani saboda siyasa, ku guje shi. Gero da awaki na bi gida gida na nemi gafara. Abin da na yi wa Malam Ummaru kuwa ba shi da gyara. Duk wanda ya fito daga Kurawa sai ya kawo mini saƙonsa, kuma saƙon bai taɓa canzawa ba. Ya rasu yana roƙon in sake yi masa ƙarya.