Inda Baffa Sale Yake Kai 'Yan Siyasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baffa Sale makwancinsa, amma har yau in aka buga gangar zaɓe a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir, sai in ji kamar yana zaune a dakalinsa yana kallona. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni. Ko kansila bai taɓa tsayawa ba, amma in ya ce ga inda za a dangwala, to unguwa ta gama magana. Shi ya sa 'yan siyasa ba sa shiga gari sai sun sauka a ƙofarsa.

Yana da wata ɗabi'a da ta hana su sakewa da shi. In wakilin ɗan takara ya fara jero kujerun da maigidansa ya riƙe, Baffa ba ya katse shi. Sai ya gama tsaf, sannan ya ce, "Zo mu ɗan taka, ƙafata ta yi tsami." Ya ja shi ta bayan gari har ƙarshen gandunmu, inda makabarta take. Tamu ba katanga, ba allo, sai tudun ƙasa da fasassun tukwane, su ma damina biyu ta isa ta shafe su. Baƙo yakan ɗauka gona ce aka bari ta huta. Ƙasa ta yi mana kaɗan a nan, gona na jingine da gona, don haka duk sanda wurin ya cika, Baffa ne ke yanko kunya biyu ko uku daga gandu ya bayar.

Wata la'asar na bi su. Wakilin yana tafe yana zuba, babbar riga na jan ƙasa. "Baba, shugabancin ƙasa ba na ɗan koyo ba ne. Maigidana ya san gwamnati ciki da bai."

Baffa ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Amma ɗan gusa, a kan Hajara kake tsaye."

Hajara 'yarsa ce. A amalanken shanu ta cika tana naƙuda, a bakin rafin da ya kawo ya raba mu da titi, alhali asibitin da aka kafa wa harsashi tun tana goye yana nan kango kusa da makabartar. Mutumin ya yi tsalle gefe yana salati, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a wurin. Bai dawo ɗauka ba, mu ma babu wanda ya iya taɓa shi har ƙasa ta rufe shi.

Kada mai karatu ya ɗauka Baffa ya raina gogewa. Mutumin da ba ya ba wa wanda bai taɓa riƙe garma ba aron shanunsa, ina zai yarda a miƙa ƙasa ga ɗan koyo? Samarin da ke ihun sabon jini ma bai ƙyale su ba, yakan ce su fara raba faɗan iyakar gona tukuna. Abin da yake tambaya kawai shi ne, gogewa a kan me? Yakan ce mai haƙa kabarin garin nan ma gogagge ne, kullum hannunsa ƙara faɗawa yake.

Me zai ce da ya ga yau? Kwanan baya na fake wa ruwa a kangon asibitin nan. A lungun da ruwa ba ya kaiwa, fastocin zaɓe sun hau kan juna tun na shekarun baya. Laima ta ɗaye na sama, sai ga fuskokin da ke neman ƙasar yanzu suna leƙowa daga ƙasa da ƙuruciyarsu, gashi baƙi ƙirin, murmushin bai canja ba. Duk idanunsu makabarta suke kallo. Na gwammace dukan ruwan, na fita.

Yanzu a ƙofata ake sauka, wai ni na gaji dakalin. Kuma 'yata, wadda muka mayar wa sunan Hajara, tana da tsohon ciki, watan haihuwarta tsakiyar damina ne. Rafin yana nan, gada babu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya wani wakili ya zo da tasa lissafin kujerun. Da ya gama na ji bakina yana cewa mu ɗan taka. Muka bi ta kabarin Baffa, muka yi masa addu'a, muka kai kunyoyin da na yanko wa makabarta bana, waɗanda nake ci gaba da shukawa kafin a buƙace su. Da alama labari ya riga ya kai masa, don ya tsaya cak yana duban ƙasan ƙafarsa. "Malam, akwai wani a nan?"

Na ce, "Babu kowa tukuna."

Baffa bai bar mana gada ba, bai bar asibiti ba, gandun ma raguwa yake. Abin da ya bari shi ne wannan tafiya daga dakali zuwa ƙarshen gona. Allah Ya jiƙansa, Ya sauki Hajara lafiya, Ya sa a bana gero ne kawai zai shiga kunyoyin nan.