Rantsuwar da Na Yi a Kan Sabuwar Mota

Ni ne mai laifi. Na daɗe ina ba da labarin motar nan ta yadda kamfani zai fito a macuci, ni kuma abin tausayi, amma ba haka aka yi ba. Ƙarya na yi, na rantse a kanta, kuma wanda ya kusa rasa aikinsa saboda ita mutum ne da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Masara nake sarowa daga Techiman da Ejura ina kawowa Kumasi. Shekara da shekaru da tsofaffin motoci nake bin wannan hanya, irin waɗanda ba a hawa sai da jarkar ruwa da igiya. Da Allah ya buɗa, na ce ko sau ɗaya a rayuwata sai na hau sabuwa. Na sayi fikof fara, mai buɗaɗɗen baya na ɗaukar kaya, sabuwa dal, kujerunta da leda.

A kamfanin da na saya akwai wani ɗan layinmu na Asawase, shi ke zama a teburin karɓar motocin da aka kawo gyara. Mahaifinsa da nawa aminai ne, da ni aka ci naman sunansa, Yaya yake ce mini. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyarsa a hannunsa. Da yake karatuna bai yi nisa ba, ranar da na ɗauko motar ya zo har ƙofar gida bayan la'asar, ya zauna a benci ya fassara mini ɗan littafin garanti.

Ya ce, "Yaya, abu ɗaya zan roƙe ka. Injin nan kada kowa ya sa masa hannu sai mu. Ko juyen mai ne, kawo mana. In wani ya taɓa, garanti ya tashi."

Na ce, "To, malam mai littafi. Iskar taya fa? Ita ma sai na zo na cike fom?"

Ya yi dariya. "Iska kam na yafe maka."

Mu a zango, unguwannin Hausawa, in mutum ya yi sabuwar mota ba ya fara aiki da ita sai ya zagaya da ita wurin manya sun sa albarka. Na kai wa liman, na kai wa kawuna a Krofrom. A rana ta uku na kai wa makanikena a Magazin, unguwar masu gyaran mota, dattijon da kowa ke kira Masta. Shi ya riƙe mini duk tsofaffin motocina. Akwai ranar da mota ta lalace mini, ya hau tirotiro, ƙaramar motar haya, ya same ni a daji bayan Offinso da kayan aikinsa a buhu. Da na tsallake shi, da ban iya haɗa ido da shi ba har abada.

Masta ya zagaya motar, ya yi addu'a, makanikai suka taru ana shafa fatiha. Sai ya ce a buɗe bonet. Ya zaro sandar mai, ya murza man da yatsu biyu, ya shinshina.

"Maigida, wannan mai ne ko shayi? Na ƙasar sanyi ne. Hanyar Ejura da lodi, a zafin nan, sai mai kauri. Kawo in juye maka. Kyautata ke nan ta sabuwar mota."

Maganar ƙanen nan nawa ta faɗo mini a rai a lokacin, ba zan ce na manta ba. Amma mutane na tsaye suna kallo, dattijo ya ce kyauta ce, kuma a ƙasan zuciyata na fi yarda da yatsun Masta a kan littafin da ban iya karantawa ba. Na bar shi. Ya juye man, ya zuba nasa, ya cire filta ya ɗaura wata. Da ya gama ya ɗiga mata jan fenti, kamar yadda yake yi wa duk filtar da ya ɗaura, don ya riƙa gane aikinsa.

Sati biyar motar tana tafiya kamar a kan ruwa. Wata safiya bayan asuba na tayar da ita, sai na ji tak-tak-tak daga cikin injin. Da ta yi zafi ƙaran ya ɓace. Na ce sanyin safiya ne. Kashegari ya dawo, ya daɗe kafin ya tafi. Matata ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Maigida, tela ka ɗauko a motar?" A ƙarshen satin, ina hawan tudu da buhuna cike da baya, ƙaran ya ƙi tafiya sam. Na kashe rediyo, na taho a hankali har Kumasi.

Lokacin ko sabis ɗin farko ban kai ba. Na nufi kamfani da safe. Ƙanena ya fito, na tayar, ya saurara, fuskarsa ta canja. Muka koma teburinsa ya ɗauko fom. Da ya zo kan wani layi sai ya ajiye biro, ya rage murya, ya koma Hausa don kada na kusa da mu su ji.

"Yaya, wani ya taɓa injin nan?"

"Babu wanda ya taɓa."

"Ka gaya mini gaskiya. In an taɓa, akwai yadda ake rubutawa, in shiga wurin manaja in roƙa a duba. Amma in na rubuta babu, aka zo aka ga akwai, ba ni da bakin magana."

Na ce, "Wallahi babu wanda ya sa masa hannu."

Ya dube ni, ya ce shi ke nan. Dokar aikinsu ita ce sai ya sa an ɗaga motar ya duba da idonsa kafin ya sa hannu. Ranar layin motoci ya yi tsawo, ga kakar masara ta kama, na dame shi cewa kowace rana asara ce. Saboda na ambaci sunan Allah, ya sa hannu cewa ya duba, ya tura takardar babban ofishinsu na Accra a ranar. Na bar motar na hau tirotiro zuwa tashar Kejetia ina gaya wa kaina cewa mai mai ne, wa zai gane?

Bayan kwana shida aka kira ni. Injiniya ya zo daga Accra. Na tarar da su a ofishin manaja, ƙanena yana tsaye a jikin bango, a kan tebur kuma ga filta a cikin leda. Jan ɗigon na kallona.

Manajan Ba'ashante ne, mai sanyin magana. Da yarensu na Twi ya yi mini bayani: filtar ba tasu ba ce, man da ke ciki ba irin wanda injin ke sha ba ne, saman injin ya ci, don haka ba za su ɗauki gyaran ba. Ya tambaye ni wa ya yi juyen.

A nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka na buga tebur. Na ce sun sayar mini da ruɓaɓɓiyar mota suna neman hanyar zillewa. Na ce kwana shida motar tana hannunsu, wa ya san abin da ma'aikatansu suka cire suka mayar? Na ce yadda na kawo ta, ga wanda ya karɓa nan, ya duba ya sa hannu, a tambaye shi.

Manajan ya juya ya dubi ƙanena. Ya tambaye shi ko wannan sa hannunsa ne. Ya ce nasa ne. Ya tambaye shi ko ya ga wannan filtar ranar da ya duba. Tambayar ta sa ƙanena a tsaka mai wuya. In ya ce bai duba ba, ya karya doka. In ya ce ya duba bai gan ta ba, to an canja ta a hannunsa. Ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na mai da idona kan kalandar da ke bango.

A ranar aka dakatar da shi. Aka ce ranar Litinin manya za su zauna su yanke ko a kore shi, don ana zargin ko dai ya haɗa baki da ni ne, ko kuma shi ya sace filtar kamfani ya sa ta banza.

Alhamis ce. Na koma unguwa na zauna a majalisa ina zagin kamfani, mutane na taya ni. Wani ya ce in kai su rediyo. Ban faɗi abin da ya sami ƙanena ba, shi ma bai faɗa wa kowa ba. Ranar Juma'a sahu ɗaya muka tsaya. Da aka sallame ya miƙo mini hannu kamar kullum, ya ce, "Yaya, barka da Juma'a," ya ɗauki takalmansa ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da yamma na wuce ta ƙofar gidansu, mahaifiyarsa na zaune tana tsintar wake. Ta ce, "Ɗana, yaya motar? Ƙanenka ya ce hutu aka ba shi, ka ga ikon Allah, mutumin da ko sallah ba ya samun hutu." Na ce mata Allah ya kyauta, na yi sauri na wuce.

Ranar Asabar da hantsi Masta ya yi sallama a gidana, da rigar aikinsa. Labari ba ya kwana tsakanin masu gyaran mota, wani makaniken kamfanin ya gaya masa komai. Na kawo masa kujera ya ƙi zama.

"An ce akwai jan fenti a jikin filtar."

Na ce, "Masta, ai ba kai kaɗai ke da jan fenti a Kumasi ba."

"Maigida, ni za ka gaya wa haka? Aikina ne. Ban taɓa musun aikina ba, mai kyau ko mara kyau. Ko maina ne ya ci injin, ko da ciwonsa ya zo, Allah ya sani. Injinan yanzu ban gama gane su ba, ya kamata in faɗa maka tun ranar. Amma mutumin nan me ya yi?"

Na fara kawo masa zancen asarar da zan yi in garanti ya tashi. Ya katse ni.

"Ranar Litinin zan je. In ka zo mu shiga tare. In ba ka zo ba, in shiga ni kaɗai."

Ya juya ya tafi. Ba zan ɓoye ba, haushinsa na ji. Na yi kwana biyu ina neman wata dabara, har na yi tunanin in je in roƙe shi ya yi tafiya. Ba tsoron Allah ne ya fara motsa ni ba, tsoron kunya ne. Na san in Masta ya shiga shi kaɗai, a zango ba ni da sauran fuska. Tsoron Allah daga baya ya zo, da na tuna cewa bakin da na yi rantsuwar da shi, da shi nake karanta fatiha.

Litinin da safe na tarar da Masta a bakin ƙofar kamfani, ya sa farar riga da hula. Muka shiga. Ƙanena yana zaune a benci a waje, bai ɗago ba. Na gaya wa manaja da mutum biyun da ke tare da shi duk yadda aka yi. Na ce filtar tun kafin in kawo motar take ciki. Na ce ya tambaye ni har sau biyu, na rantse masa, kuma ni na matsa masa ya sa hannu. Twi ɗina ya riƙa kakarewa, Masta na cike mini. Manajan ya tambayi dalilin da ya sa ban faɗa ba tun ranar Alhamis. Na ce ba ni da dalilin da zai ji daɗin ji.

Garantin injin ya tashi, wannan ba a ko tattauna ba. Injiniyan ya ce ba zai iya rantsewa man ne kaɗai ya jawo ba, amma tunda an taɓa, ba mai iya rarrabewa. Har yau ban san gaskiyar abin ba. Ƙanena kuwa ba a kore shi ba. An ba shi takardar gargaɗi saboda sa hannu ba tare da dubawa ba, aka ɗauke shi daga teburin aka mai da shi sito. Shekara bakwai ya yi kafin ya kai wannan teburin.

Na yi kwana uku ban iya zuwa gidansu ba. A na huɗu bayan la'asar na je na yi sallama. Ya fito da butar alwala a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce in shigo ba.

Ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Ba lafiya ba. Na zo ne in faɗa maka da bakina, ba a gaban manaja ba. Ka gargaɗe ni ban ji ba. Ka tambaye ni na yi maka ƙarya, na sa sunan Allah a ciki don na san ba za ka musa ba. Da aka kama ni na tura ka gaba, ina kallo aka dakatar da kai. Teburinka ni na raba ka da shi, kuma ba ni da ikon mayar maka. Zan shiga in gaya wa Inna da kaina cewa ba hutu aka ba ka ba, in ka yarda. Ban zo don ka ce ba komai ba, akwai komai. Na cuce ka, ƙanena. Don Allah ka yafe mini, ko ba yau ba."