Abarta, sunan da Kaka ta bar mini

Bana shekara bakwai ke nan da muka rufe Kaka Tanoma, uwar babana, a ƙauyenmu na wajen Gabi. Ni ba mai ilimi ba ce, a aji uku na bar lakwal. Amma damina ta kama, ɗiyata kuma tana kwance da masassara, shi ya sa tsohuwar ta tsaya mini a rai.

Kaka cikin Anna take, masu bin addinin kakanni. Har ta koma ba ta taɓa kai goshi ƙasa ba. Amma in azumi ya zo, ita ke dama wa ɗiyanta da suka musulunta fura, tana leƙen rana tana cewa, "Ku sha mana, ta faɗi! Ko sai kun kashe mini kanku?"

Innata ta yi wabi, uku ta binne kafin ni. Ran suna liman ya raɗa mini Hadiza. Kaka kuwa ta ɗauke ni ta aza bisa juji, don iskoki su zaci ba a so na su ƙyale ni, sannan ta ce sunana Abarta. Da suna biyu na tashi, ban taɓa jin ɗaya ya ture ɗaya ba.

Da Kaka za ta leƙo yau, za ta tarar an sare tsamiyar da take yanka wa iskarta Doguwa zakara, an gina masallaci kusa da wurin. Ba na jin masallacin zai ɓata mata rai, ai ɗiyanta ne a ciki. Abin da zai dame ta shi ne yadda muka koma jin kunyar sunayen da aka yi renonmu da su.

Ni ma na binne biyu a nan Madarunfa. Da na haifi ta uku, na roƙi mai gidana a riƙa kiran ta Abarta. Ƙanensa, wanda ya yi karatu a Katsina, ya ce, "Haba matar yaya! Iska ke rayawa ko Allah?" Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Maryama aka sa mata, ita kaɗai.

Da masassarar nan ta kama ta, na kai ta wurin likita, ina ba ta magani yadda aka ce. Ban aza ta bisa juji ba, ban yanka zakara ba. Amma in na idar da salla na ɗaga hannu, jikinta na ƙuna a cinyata, duk addu'o'in da na koya sai su watse, maganar Kaka kaɗai ke zuwa bakina.

Kaka ba ta bar mini gona ba, ko zane ɗaya. Wannan kalma ta bari. Ita iskoki take gaya wa, ni kuwa Mai sama nake roƙo, amma kukan ɗaya ne. Ya Allah, biyu suna wurinka. Wannan dai, a bar ta.