Rigar Fatar da Malam Ladan Ya Ɗinka wa Kwamfuta

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da na kusa cinye wa Malam Ladan aikinsa ba, kuma da ilimina na kusa yin hakan. Lokacin ina jami'in kula da kwamfutoci a wani ofishin zanen gine-gine da ke unguwar Minanata a Sakkwato. Mai ofishin, Injiniya Sambo, ya ce in zaɓo katin hoto guda biyu na sababbin kwamfutoci. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, katin hoto shi ne ɓangaren da ke mayar da zanen gida ya fito kamar an riga an gina shi, da inuwarsa da launinsa.

Na zauna na yi kwatance yadda aka koya mana. Ɗaya ƙwaƙwalwarsa gigabait takwas ce, fankarsa biyu. Ɗayan goma sha shida, fanka uku, ya fi gudu, ya kuma fi jan wuta. Na rubuta rahoto shafi biyu na sa hannu, ina ji da kaina. Aka ba Malam Ladan babban katin, domin shi ne babban mai zane, tun zamanin fensir da rula yake wurin. Ƙaramin aka ba Hajara, wadda ba ta daɗe da kama aiki ba.

Da bazara ta kankama sai abu ya juye. Hoton da Hajara za ta fitar kafin azahar, na Malam Ladan sai ya kai la'asar, wani lokaci ma kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki. Sau biyu masu gida suna zuwa ganin zanensu suna komawa hannu rabbana.

Injiniya ya kira ni. “Nasiru, ba kai kac ce wanga kati ya hi wancan ba?”

“Ya fi shi, yallaɓai.”

“To mi ad damuwatai?”

Na ce zan duba. Malam Ladan mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Bai taɓa bari in je ɗakinsa ɗaukar kwamfuta ba. Da kansa zai kwance wayoyi, ya goge ta tas, ya rungumo ta zuwa teburina. Na haɗa ta gefe da gefe da ta Hajara, na ba su zane iri ɗaya. Babban katin ya gama, ƙaramin bai ko yi rabi ba. Na mayar. Washegari aka koma gidan jiya. Na sake karɓa, na sabunta manhaja, na canza waya, na gwada akwatin wuta. A teburina lafiya lau, a ɗakinsa kamar jakin da ya gaji. Sau huɗu muna wannan safa da marwa. Kaina ya kulle, har na fara zargin soket ɗin bangonsa, na sa aka canza shi a banza.

Daga ƙarshe na rubuta wa Injiniya cewa na'ura ba ta da laifi. Iyakar abin da na rubuta ke nan, amma shi ya karanta sauran da kansa. Ya ce in kati lafiya yake, to mutumin ne ya tsufa, zamani ya wuce shi. Ya sa sakatariya ta buga takardar sallama, ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai miƙa masa. Malam Ladan na da iyali, kuma a shekarunsa babu ofishin da zai ɗauke shi.

Ranar Alhamis da azahar na kasa zama. Na tura ƙofarsa na ce yau dai zan zauna in ga yadda yake aiki. Ya ba ni kujera, ya fara. Wallahi ban ga kuskure ko ɗaya a hannunsa ba, ya ma fi ni sanin manhajar. Amma fanka na ta gurnani daga ƙarƙashin tebur, hoto na fitowa da ƙyar. Na miƙe ƙafa don gajiya, sai ƙaurina ya taɓa wani abu mai zafi. Na leƙa. Ban ga kwamfuta ba. Jar fata na gani mai ado, da tuntaye, an ɗinke ta tsaf daga sama har ƙasa, an bar 'yar kafa ta wayoyi kawai.

“Malam, mene ne wannan?”

“Rigatta ta,” in ji shi, har da murmushi. “Wurin dukawa nis sa anka ɗinka. Ranar da kak kawo ta, kai kac ce abu na mai tsada, in kiyaye shi. Amana ta, ɗana.”

“To me ya sa ban taɓa ganinta ba?”

“Ai ba a kai ma likita mutum da babbar riga. Ni kan tuɓe mata in ninke.”

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Babban kati ya fi ƙarfi, saboda haka ya fi fitar da zafi, in kuwa zafi ya yi masa yawa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ga zafin Sakkwato, ga riga ta toshe duk kafofin iska. Muka cire rigar, na jawo kwamfutar fili, muka jira ta huce. Hoton ya fito kafin a kira la'asar.

Na shiga wurin Injiniya takardar na kan teburinsa. Na faɗa masa komai, na ce rahotona ne ba daidai ba, domin na gwada katin a teburina ban taɓa gwada shi a inda yake aiki ba, kuma ban taɓa gaya wa Malam cewa na'urar tana bukatar iska ba.

“Ashe kai ya kamata a buga ma wagga takarda,” in ji shi. Ya yayyaga ta, ya ce in rufe masa ƙofa.

Ku da kuke fara aikin nan, ku karanta lambobin jikin kwali, suna da amfani. Amma kafin ku sa hannu cewa na'ura ba ta da laifi, ku tashi ku je ɗakin mai amfani da ita, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin teburinsa, domin in kun wanke na'ura, mutum ne zai ɗauki laifin. Malam Ladan ya yi shekaru bayan nan yana aiki har ya yi ritaya da mutuncinsa. Ranar da muka yi masa walimar bankwana ya riƙe hannuna yana gode mini da gyaran kwamfuta, ni kuwa na kasa ɗaga ido. Bai taɓa sanin an buga takardar ba.