Sallamar da Ta Tashi Gauraki

In dai ina numfashi, safiyar nan ta ƙarshen sanyi a bakin tafkin bayan garin Fammar ba za ta fita daga raina ba. Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano ce.

Ina da aboki malamin firamare, dogo siriri, wanda Allah ya jarabta da son tsuntsaye. Da zarar ruwan tafkin ya ja baya, kusan kullum yana can. Ni kam sai ranar Juma'a yake ɓamɓaro ni daga shagona na ɗinki a Rano, ya goya ni a babur, kuma don rake da hira nake bin sa. Nakan ce masa, "Kai dai da tsuntsaye na zaɓe, ba hamayya kai ne ciyaman." Da damina zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi.

Da lokacin janyewar ruwan ya zagayo, kewa ta hana ni taka keke, sai na tafi ni kaɗai na zauna a gindin ɗorawar da muke zama. Agwagin ruwan nan, kirinjijiya, na ta kukansu mai kama da fito a cikin bado, balbelu na bin shanun Fulani, ga wani guza ya baje a rana kamar shi ya haƙa tafkin. Can sai ga gauraki biyu sun sauka, su ne abin ƙaunar marigayin. Raina ya yi fari tas.

Ina cikin kallo sai na hango wani dattijon maharbi yana rarrafe cikin ciyawa da bindigar toka, ya saita su. Ni ba jarumi ba ne, kuma wa ya isa ya ce wa sa'an ubansa ajiye bindiga? Ban san sanda na miƙe na rangaɗa masa sallama ba. Ya yi min alama da hannu in yi shiru. Na ƙara ɗaga murya: "Baba, sallama fa nake!"

Ina zai kai alhakin ƙin amsawa? Ya amsa ta cikin haƙora. Na ɗora da ina kwana, ya sanyi, ya iyali. Kafin in kai kan gajiya, gauraki sun yi sama.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ƙare min kallo. "Amma kai ɗan nema ne! Dogon malamin nan ne ya turo ka, ko? Shekara huɗu yana min wannan shegantakar."

Wallahi ban taɓa sanin yana yi ba. Na ce, "Baba, ai ya rasu tun da damina."

Ya jingine bindigar da ɗorawa, ya yi salati, ya ɗaga hannu ya daɗe yana masa addu'a. Sannan ya ce, "Ka ga tun ɗazu ina saiti ina waiwaye? Muryarsa nake jira." Muka zauna tare har hantsi, yana ba ni labarin tsiyar da suka sha yi, ina dariya ina share ido.

Tun ranar na gane cewa komai daɗewarka da mutum, akwai alherinsa da ba ka sani ba, kuma wani lokacin a bakin wanda ya fi ɓata wa rai za ka ji shi.